Goshin Baƙo da Bangon Gadamas

A shari'ar da ke tsakanin garin Gadamas da baƙinsa, ni ina bayan gari, ko da yake baƙin ne ke fitowa da ƙulu a goshi. Ƙararsu ɗaya ce: sun sha tafiyar kusan kilomita 600 daga Tarabulus zuwa wannan dausayi na Libiya, dab da iyakar Aljeriya da Tunisiya, don su ga garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1986, da suka isa kuma ko tafin hannunsu ba su gani ba. Ba ƙarya suka yi ba. Lungunan tsohon garin a rufe suke, an gina ɗakuna a kansu, haske sai ɗan abin da ke zubowa ta wata kafa can sama, jefi-jefi.

Ɗauki Bakano, mai bugun ƙirji cewa kasuwar Kurmi ba ta taɓa ɓatar da shi ba. Ya shigo daga ranar tsaka, idonsa na ganin taurari, ya rangaɗa wa bango sallama, ya kuma taka ƙafar dattijon da ke hutawa a dakali bai ce masa uffan ba. Ya zaro waya, ita ma ta rikice. Ya bi wani lungu da ƙarfin gwiwa, lungun ya ƙare a ƙofar itacen dabino ta gidan mutane. Kafin la'asar ya wuce dattijon nan sau uku, kowane karo ana yi masa barka da zuwa. To amma wa ya ce dominsa aka yi ginin? Abokiyar gabar maginin Gadamas rana ce, wadda zafinta ke haura digiri 40 da bazara. Duhun da baƙo ke tsine wa shi ne sanyin da yake sha, karkacewar hanya ita ke karya iskar rairayi, lungun da ya toshe kuma aikin zaure yake yi: wanda ba shi da dalili ya tsaya nan. Mai wayon da ya hango matakala ya ce bari ya hau sama ya gano hanya, shi ne ya fi kowa shan kunya, don rufin gari na mata ne. A da ta can suke ratsawa gida zuwa gida, ƙasa ta maza.

Za a ce garin fatake bai kamata ya wahalar da baƙo ba. Ai kuwa fatake ne na gaske. A ƙarni na 19 attajiransu na zaune a Kano suna sayen jar fata da turkuɗi da gashin jimina, a zamanin da Larabawa ake kira Turawa. Sai dai wane falke ne ya taɓa shiga gari ba mai masauki? Wanda ya ƙi ɗan jagora don tsimin kuɗi, goshinsa zai biya.

Hujjar baƙi da ta fi nauyi ita ce masu garin da kansu sun tashi. Haka ne, tun shekarun 1970 gwamnati ta gina sabon gari a gefe, da famfo da titin mota, kuma ba zan ce wa mai ɗaukar tulu ya ƙi famfo ba. Amma ba su yar da makullan ba, idan zafi ya yi zafi da yawansu tsohon gidan suke komawa su sha iska. Sannan a dubi yadda kakanninsu suka raba ruwan idon Ainul Faras: mutum na zaune da guga mai huda, duk lokacin da ruwan ya tsiyaye ya ƙulla ƙulli a ganyen dabino, kowace gona da adadin ƙullinta. Mutanen da suka ƙirga ruwa guga-guga ban yarda sun karkata lungu bisa kuskure ba. Bakanon namu dai har yanzu yana ciki, dattijo na shirin yi masa barka ta huɗu.