Takardar Ƙorafi Zuwa Ga Kogin Mayo Gwoi

Zuwa ga Mai Girma Kogin Mayo Gwoi,
Ta hannun ɗan'uwansa Kogin Lamurde,
Jalingo, Jihar Taraba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka da ubangidansa, da tambayar gajiyar aikin daren jiya, mai wannan takarda, wani kocin yaran unguwa wanda ba kowa ba ne, yana neman izinin shigar da ƙara. Ya san Mai Girma bai saba karanta takarda ba, jiƙa ta kawai ya iya. Duk da haka ya rubuto.

Da sanyin safiyar yau kocin ya fito da bokitin toka zai ja layi, domin yau ne wasan ƙarshe na kofin unguwa, sai ya tarar babu fili. Jan ruwa ne kwance har gwiwa. Ragar gabas tana tsaye a karkace, ta yamma kuwa ta yi tafiya. Turakunta na bututun ƙarfe, waɗanda yara suka yi karo-karo suka kai wa mai walda, aka dasa su da siminti a gindi, Mai Girma ya tuge su kamar ya cire karas. A madadinsu ya bar wa ƙungiya kyauta: ledojin fiya wata ba adadi, silifas ƙafar hagu, matacciyar kaza, murfin firiji, da kwaɗin da tuni suka fara taron siyasa a wurin bugun fenariti.

Ba a kawo maganar wutar da ta ɗauke tun digon farko ba, ko kuɗin Keke da ya ninka kafin gari ya waye. Waɗannan an saba. Maganar fili ake yi.

Kowace damina haka ake fama. Ruwa ya kwana uku ko huɗu, ya janye, ya bar tudun yashi a tsakiyar fili da kwazazzabo a gefen kwana. Yara su kawo shebur da baro daga gidajen iyayensu, su share, su cike, su daddaɓe da ƙafa. Ranar da ƙasa ta bushe har ƙwallo ta fara tsalle, da la'asar sai hadari ya haɗo daga wajen duwatsun Yorro, inda Mai Girma yake fitowa, kowa ya san sauran labarin. Golan ƙungiya ya koyi iyo a cikin ragarsa. Da rani kuwa, a zo a ga Mai Girma: yashi zalla, tifa na shiga cikinsa tana ɗiba, masu lambu na tona rijiya a ƙirjinsa, ko akuya ba ta jin tsoronsa. Wata shida yana kwance kamar ba shi ba, dare ɗaya ya tashi ya zama gwamna.

Wani mai son rarrashi ya ce wa kocin ya yi haƙuri, ai har attajiran da ke buga golf ruwa na cinye musu fili. Gaskiya ne. A watan Yunin 2016 ambaliya ta shafe filin golf na Greenbrier a Jihar West Virginia ta Amurka, har aka soke babbar gasar da za a yi a wurin, ambaliyar da ta kashe mutum 23 a jihar. Filayen golf da yawa a duniya a fadama suke, saboda ƙasar da ruwa ke kwanciya ba ta gina gida, amma tana fitar da ciyawa. Sai dai wasu garuruwan da gangan suka yi haka. A Scottsdale ta Jihar Arizona, an kawo wa mutanen gari shawarar a zuba kankare a rafin Indian Bend a mayar da shi ƙatuwar kwata, suka ƙi. Suka bar tsawon kimanin mil 11 na hanyar ruwan ya zama lambuna da tafkuna da filayen golf. In ruwa ya zo, ya kwanta a kan ciyawa, masu golf su yi gunaguni su koma gida, gidan kuma a bushe.

Na Yokohama a Japan ya fi burge kocin, don shi na ƙwallo ne. Filin da aka buga wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2002, an ɗora shi ne a kan ginshiƙai, a tsakiyar kwarin da aka ware wa Kogin Tsurumi ya riƙa juye rararsa. A Oktoban 2019 guguwar Hagibis ta zo, ruwa ya cika kwarin har ƙarƙashin filin, washegari Japan da Scotland suka buga wasansu na Kofin Duniya na ƙwallon zari-ruga a sama. Can an yi wa kogi masauki kafin ya zo. A nan Jalingo, masaukin Mai Girma shi ne filin yaran talakawa, ba tare da an tambaye su ba, ba kuma tare da ko sisin haya ba.

Kai Mayo Gwoi, bari a ajiye rawani a yi magana. Wane irin rashin ta-ido ne wannan? Duk faɗin garin nan ba ka ga abin ɗauka ba sai ragar marayu? Me za ka yi da ita a Binuwai, kifi za ka tsare? Kuma kada ka fake da dam ɗin Lagdo. Kowa ya iya wannan waƙar: da an ga ruwa a tsakar gida sai a ce Kamaru ta buɗe dam. Ruwan Lagdo Binuwai yake bi, mutanen Lau da Karim Lamido da Gassol da Ibbi ne ke shan wahalarsa, kamar yadda suka sha a 2012 da 2022. Ba ya hawo tudu ya zo Jalingo neman turken raga. Wannan aikinka ne, da sa hannunka.

Gidanku ma ba yau ya fara ba, kuma a nan babu raha. A watan Agustan 2005 ruwa ya karya gada a garin nan da mutane a kanta, rayuka da yawa suka salwanta, Allah ya jiƙansu. A Yulin 2021 ɗaruruwan gidaje suka sha ruwa. A 2024 wani danginku ya kayar da gadar Namnai a hanyar Wukari, matafiya suka koma tsallakawa a jirgin ruwa.

Amma fa kocin ba zai yi maka ƙazafi ba, akwai masu taya ka aiki. Tun da Jalingo ta zama babban birni a 1991 take kumbura, gini na bin gini har bakin gaɓarka. Dillali ya kai mai saye fadama a watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ƙarau, ya rantse masa ruwa bai taɓa zuwa nan ba. A zuba harsashi, a ja katanga, a tare maka hanyar da kake bi tun kafin a haifi kakan dillalin. Kwalbatin da ya kamata ya ɗauke ruwan titi ya zama bola. Da hadari ya haɗo, matan layi su aiko yara da kwandon shara a juye a kwata, wai ruwa zai tafi da shi. Yana tafiya da shi kuwa, har filin ƙwallo. Bishiyoyin da ke riƙe ƙasa a kan tudu sun zama buhunan gawayi. Bayan an yi ɓarna, sai a ga kwamiti ya iso da katifu da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto, a jajanta, a ce an kusa ɗaukar mataki, a shiga mota.

Abin da ya fi ci wa kocin rai shi ne wannan: ruwan da ke kwana a filinsa, in da babu filin, a ɗakunan layin baya zai kwana, a kan gadon tsofaffi da buhunan masara. Yaran da ake kora ana ce musu 'yan zaman banza, su ke riƙe wa unguwa tafki kyauta, kuma su ke share shi. Ga shi yanzu an fara ganin wasu masu manyan riguna suna zagaya filin da igiyar awo, suna ƙirga fuloti nawa zai fitar.

Saboda haka ƙarar ta koma biyu. Kai, ka rage hannu. Su kuma masu sa hannu a takardun filaye, da mai unguwa, da duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa a Magami ko Nukkai ko Sabon Gari: a yashe kwatoci kafin Agusta, a daina yanka fadama, filin nan kuma a bar shi fili.

Naka, ba don yana so ba,
Kocin unguwa,
Jalingo.