Wannan Tsiron Na Mene Ne?

Da damina ta kankama, sai bakin makwarara da gefen bola su cika da tsirran da ba wanda ya shuka, nan take kowa a gida ya zama malamin gona. Mangwaro ba ya wahalar da mutane: sabon ganyensa ja ne mai laushi, kuma in ka ɗan tona ƙasa, ga ƙwallon da yaro ya tsotse ya yar. Gwaiba da lemo hanci ke gane su, murtsuke ganye ka shinshina. Lemon har da 'yar ƙaya, don kada a raina shi.

Rigimar tana wurin dabino. Ganye ɗaya ne tsaye kamar ciyawa. Maigida ya rantse dabinon Madina ne, daga tsarabar da Alhaji ya kawo, uwargida ta ce, "Malam, goruba ce fa." Ko da dabinon ne, sai ya yi fure bayan shekaru kafin a san mace ce ko namiji, namijin kuwa ba ya 'ya'ya ko ɗaya. Gwanda ma haka take, amma ita cikin 'yan watanni take tona wa kanta asiri.

Akwai kuma bawan Allahn da ya kife wa tsiro tsohon kwando, yana ba shi ruwan alwala safe da yamma, har ya fara lissafin kuɗin 'ya'ya, ashe darbejiya ce tsuntsu ya kawo. Ana cikin wannan gardama akuyar maƙwabta ta leƙo, ba ta tambayi sunan kowa ba, ta fara da mangwaron.