Alhaji, Dakata Kafin Ka Kira Ɗan Gwangwan

A cikin masu karanta ni akwai wata ƙungiya da ba ta da rajista, ba ta da shugaba, amma ba ta fashin taro. 'Yan "ina, ba zai yiwu ba" ke nan. Yau da su nake, kuma na zo da abin da zai tayar musu da jijiyar wuya: tsohuwar rautar nan da ke kwance a ƙasan durowa, cikin matattun caja da rimot ɗin talabijin da aka daɗe da sayarwa, za ta iya kai Wi-Fi har ɗakin da kuke ta kukan ba ya zuwa. Ba sai an sayo sabuwar na'ura ba.

Ga Alhaji can ya fara girgiza kai. Ranka ya daɗe, na san hujjarka: da tana da amfani ai da ba a ajiye ta ba. To, tuna mana dalilin ajiye ta. Ƙonewa ta yi? Ruwa ta sha? A'a, kamfani ka sauya, sabon ya zo maka da tasa mai sheƙi, ka zare wannan ka cilla. Lafiyarta ƙalau ka sallame ta. Abin da ba a gaya maka ba shi ne, ɗan akwatin nan ayyuka huɗu yake yi a lokaci guda. Yana karɓo intanet daga waje, yana ba kowace waya da kwamfuta lambar adireshinta, yana raba intanet ta ramukan kebul da ke bayansa, sannan yana watsa Wi-Fi. Biyun farko sabuwar ta karɓe su, kuma ba ma so tsohuwar ta sa baki a ciki. Biyun ƙarshe muke so ta ci gaba da yi, a can ƙarshen gidan da sabuwar ba ta kaiwa.

Kuma kada ka ɗora wa kamfani laifin rashin kaiwar, ko da yake suna da nasu laifuffukan da za mu taɓa wata rana. Gininka ne. Ka sa an yi maka bulo inci tara, an zuba dakin cike da rodi, kowane sashe da ƙofar ƙarfe, ga tankin ruwa a tsakani, sannan ka ɗauki rauta ka ɓoye ta a bayan talabijin don kada yara su taɓa. Ƙarfe yana mayar da siginar baya, kankare da ruwa suna shanye shi. Zangon 2.4 GHz yana ɗan jure bango amma ba shi da sauri, kuma nan ne maƙwabta suka yi cincirindo. Na 5 GHz ya fi gudu, sai dai bango biyu masu kauri sun isa su kashe masa gwiwa. Shi ya sa kai kana falo kana kallon wa'azi babu tsinkewa, Hajiya tana ɗakinta ta ɗaga waya sama wajen taga tana jiran saƙon murya na daƙiƙa goma ya tafi.

Hajiya, barka da hutawa. Ke ma na ji naki tun daga nan: a yi komai, amma kada wanda ya huda miki bango, kuma ba kya son ganin igiya tana bin silin ɗin da aka kashe wa kuɗi. Kin ji an ce akwai hanyar da tsohuwar za ta kamo siginar ta iska ta sake watsawa, babu kebul babu ƙusa. Gaskiya ne akwai, rifita ake ce mata, kuma a nan ne zan ɓata miki rai. Rautar da ke da rediyo guda ba ta iya saurare da magana a lokaci ɗaya. Aikin tafinta take yi: sai ta yi shiru ta ji abin da babbar, wato sabuwar rautar, ta faɗa, sannan ta juyo ta maimaita wa wayarki, ta sake yin shiru ta ji amsarki, ta juya ta isar. Kowace magana sau biyu ake faɗinta a tasha ɗaya, don haka saurin yana raguwa da kusan rabi tun ba a je ko'ina ba. Sannan in kika ajiye ta a cikin ɗakin da siginar ya mutu, me za ta maimaita? Dole sai a tsakiyar hanya, inda har yanzu take jin babbar sosai. Za ki ga sandunan Wi-Fi sun cika fal a wayarki, ki yi hamdala, ki danna bidiyo ya tsaya yana juyi. Sandunan nan suna nuna kusancinki da tsohuwar rauta ne kawai, ba su san komai game da abin da ke iso ta ba.

Ga kuma wata rigimar. Tsofaffin rautoci da yawa da wani tsari mai suna WDS suke yin wannan aiki, kuma kowane kamfani da yadda ya gina nasa. TP-Link da Huawei suna iya shafe yini suna kallon juna ba su gaisa ba. Saboda haka ni kebul nake goyon baya, kuma ba na jin kunyar faɗa. Kebul ɗin Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar intanet har mita 100 ba tare da ya rage komai ba, kuma ban san gidajen da suka fi haka tsawo da yawa ba, in ba gidan sarauta ba. Akwai farin bututun roba da ake bin gefen bango da shi a ɓoye kebul, in an shafa fenti sai mai neman magana ne zai gani. In zai ratsa tsakar gida, a zura shi cikin bututun roba a binne, saboda rana da ɓeraye. Kada a rataya shi a sama daga rufi zuwa rufi, don damina na tafe da tsawarta. A wajen saye kuma a nemi na jan ƙarfe zalla. Akwai na alminiyon da aka yi wa shafen jan ƙarfe, ya fi araha, ya fi saurin karyewa.

Yanzu aikin kansa. Ɗan'uwa mai cewa sai an kira injiniya, matso kusa, ba ya kai tsawon shan shayi. A bayan rautar akwai wani ɗan rami da sai da tsinke ake isa gare shi. Kunna ta, ka danna ka riƙe kamar daƙiƙa goma har fitilun su ƙifta, ta manta duk abin da aka taɓa saita mata. Juya ta ka karanta takardar da ke manne a ƙasa, akwai adireshinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, da sunan shiga da kalmar sirri. Haɗa wayarka ko kwamfutarka da ita, ita kaɗai tukuna, ka rubuta adireshin a burauza. In ka yi sa'a taka ba ta tsufa sosai ba, za ka ga inda aka rubuta Access Point a cikin saitin, ka zaɓa, ta sake tashi, shi ke nan an gama rabin aiki.

In babu, da hannu za a yi, kuma abu biyu ne. Na farko, sauya mata adireshi ya shiga layin babbar. In babbar 192.168.8.1 ce, kamar yadda rautocin Huawei masu cin sim suka saba zuwa, ka ba tsohuwar 192.168.8.2, bayan ka leƙa ka tabbata babbar ba ta raba wa wayoyi wannan lambar. Na biyu, ka kashe DHCP, wato mai rabon adireshin nan. Wannan shi ne wurin da yawancin 'yan "na gwada bai yi ba" suka faɗi. Suka bar rautoci biyu suna rabon lamba a gida ɗaya, waya ta karɓi lamba daga tsohuwar wadda ba ta san hanyar waje ba, ta rubuta an haɗa amma babu intanet, su kuma suka fito majalisa suna cewa ƙarya ce. Ka rubuta sabon adireshin a takarda ka manna a jikinta, don wata shida nan gaba ba za ka tuna ba.

Sai kebul. A bayanta akwai rami ɗaya mai launi daban, an rubuta WAN, da wasu, galibi huɗu, an rubuta LAN. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin zuwa mai launi daban ɗin nan. Hana shi. In da hannu ka yi saitin, daga LAN na babbar zuwa LAN na tsohuwar ake sokawa. Wanda ya soka a WAN ba tare da ya kashe komai ba, zai iya samun intanet, amma ya raba gidansa gida biyu: firinta tana can, kwamfuta tana nan, ba sa ganin juna, waya ta kasa tura bidiyo zuwa talabijin.

Suna da kalmar sirri, kana iya ba ta irin na babbar sak, don waya ta riƙa sauyawa da kanta. Amma ka sani wayar ce ke yanke shawarar sauyawa, kuma wasu wayoyin akwai naci, sai su maƙale wa ta falo da sanda ɗaya alhali suna zaune a gindin ta ɗaki. Kashe Wi-Fi da sake kunnawa yana magance wannan. Tasha kuwa a raba musu. A zangon 2.4 GHz, tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, in babbar tana 1 ka kai tsohuwar 6 ko 11.

Na hango ƙanena ɗan jami'a yana murmushin mugunta. Wai Yaya, wa ke wannan wahalar a zamanin mesh? Sannu da ilimi. Mesh yana da kyau, yana miƙa waya daga na'ura zuwa na'ura cikin ladabi, ban musa ba. Je ka tambayo kuɗin guda biyu a kasuwar Farm Centre ka dawo mu yi magana, ka kuma tambayi mai shagon ko shi ma mesh ɗin bai fi lafiya ba in an haɗa shi da kebul. Tunda kana son abin taƙama, ga wanda ya fi: a ƙarshen 2002 Linksys ta fitar da wata rauta, WRT54G, aka gano manhajar cikinta a kan Linux aka gina ta, masu kare lasisin GPL suka matsa lamba har aka saki lambobin manhajar a 2003. Daga nan OpenWrt ta fito a 2004, DD-WRT ta biyo baya. Da su ake sauya wa tsohuwar rauta ƙwaƙwalwa ta yi abin da kamfaninta bai taɓa nufa ba, har da zama rifita. Sai dai in ka ɗora wadda ba ta dace da samfurinka ba, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, rautar tana iya mutuwa murus. Ka yi da taka, ba da ta Alhaji ba.

Akwai inda masu musu suke da gaskiya, kuma zan ba su kayansu. Ƙaramin MiFi na aljihu da ba shi da ramin kebul ba ya wannan aiki. Rautar zamanin 802.11g, tsarin 2003, iyakarta 54 Mbps a takarda, a zahiri ko rabin haka da ƙyar. Masu araha da yawa ramukansu ba sa wuce 100 Mbps, wanda ya ishi mai intanet ɗin sim amma zai shaƙe mai faiba. In kuma ka duba tsaronta ka ga WEP kaɗai ta sani, wannan kam kira ɗan gwangwan da bakinka, don tun 2001 aka nuna yadda ake fasa shi. WPA2 ne mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi. Ka kashe WPS, ka kuma sauya kalmar shiga saitin daga admin ɗin da ta zo da shi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da rautoci da irin waɗannan kalmomin na kamfani da masu su ba su sauya ba, aka yi amfani da su aka durƙusar da shiga Twitter da Netflix a sassan Amurka na tsawon sa'o'i.

Alhaji ya gyara zama, yanzu ya zo tambayar da ta fi damunsa tun farko: to datar za ta ƙaru? Allah ya ba ka nasara, ko ƙwayar megabait. Abin da kamfani ya ba ka shi za a raba, tsohuwar rauta ba ta haƙo intanet daga ƙasa. Wutar da za ta ci ba ta taka kara ta karya ba, ba ta wuce ta ƙwan fitila na zamani ba, amma in an ɗauke wuta ita ma sai an sa ta a layin inbata, in ba haka ba sashen Hajiya ya koma gidan jiya. Abin da zai faru da data kuwa, sauri za ta ƙara wajen ƙarewa. Ɗakunan da a da ba a iya buɗe hoto, yanzu fim ake kallo a cikinsu har tsakar dare. In ka ajiye tsohuwar kusa da soro kuma, siginar zai tsallaka katanga ya sauka a kan dakali, inda samarin unguwa ke zama bayan isha'i. Ranar da ka fito ka tarar sun yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya, suna gaishe ka da ladabin da ba ka saba gani ba, kada ka tambaye ni. Autanka za ka tambaya wa ya ba kalmar sirri.