Kurman Akwati da Mai Hanci: Nazari a kan Yadda Wani Malami Ya Rasa Kujerar Bayan Motarsa

Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti ne daga girgiza 20 zuwa kimanin 20,000 a cikin daƙiƙa guda, kuma ma'aunin wannan girgiza shi ake kira haz, sunan da aka ciro daga na masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz. A can ƙasan wannan tsani, wato daga haz 80 zuwa ƙasa, nan ne amon tambari yake zaune, amon da ƙirji yake riga kunne ji, wanda samari suke kira bes. Ƙananan sifikokin da ake dasawa a ƙofofin mota ba sa iya fitar da shi, domin sauti mai kauri yana bukatar a tura iska mai yawa, shi ya sa aka ƙera babbar sifika ta musamman da ake kira wufa, wadda ba ta da wani aiki a duniya sai gurnani.

Sai dai wufa tsirara ba ta da amfani, kamar yadda fatar ganga ba ta da amo in ba a ɗaura ta a kan icen da aka fafe ba. Dalili kuwa shi ne, a duk lokacin da faifanta ya tura iskar gabansa to yana janyo ta bayansa, kuma tun da tsawon igiyar sauti mai haz 40 ya haura mita 8, iskar gaba takan zagayo ta cike gurbin ta baya, su kashe juna a banza. Akwati shi ne katangar da ke raba wannan faɗa, kuma iri biyu ne suka fi shahara. Akwai kurman akwati, wanda ba shi da kafa ko ɗaya, iskar da ke kulle a ciki ce take zame wa faifan matashi, dabarar da Edgar Villchur ya fito da ita a Amurka a 1954. Akwai kuma mai hanci, wanda ake sa wa bututu domin iskar cikinsa ta riƙa amsa amo kamar bakin kwalbar da aka hura, wanda Albert Thuras ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1932. Lissafin da ke daidaita girman akwati da halin sifika kuwa, Neville Thiele ne ya shimfiɗa shi a Ostireliya a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970.

Duk wannan bayani marubucin wannan maƙala, wanda ladabin ilimi ya hana shi ambaton kansa sai a matsayin wanda ba ya nan, ya haddace shi tsaf kafin ya shiga Sabon Gari a Kano ya sayo wufa mai faɗin inci 12, ya zarce 'Yan Katako ya sayo allon em-di-ef mai kaurin milimita 18, wato katakon da ake yi da garin itace a matse shi da gam, wanda aka fi so a wannan aiki saboda ba ya amsa kuwwa. Lissafinsa ya ba shi kurman akwati mai cin lita 35, sai ya rubuta wa wani kafinta santimita 40 da 35 da 25 a bayan takardar magani, ya kuma yi masa lacca ta rabin sa'a a kan Thiele, wadda kafintan ya saurara cikin haƙurin da ake sauraron mai zazzaɓi. Abin da malamin bai faɗa ba shi ne awon na ciki ne, kafinta kuma a duk duniya daga waje yake awo. Da aka cire kaurin katako ta kowane gefe, lita 35 ta koma kimanin 24, iskar ciki ta yi tauri, wufa ta riƙa buga murya guda ɗaya tilo ko wace waƙa aka sa, har ya zamana kalangu da gurmi da labaran ƙarfe bakwai duk suna fita da amon turmin daka.

Mai hankali zai tsaya a nan, amma malamin ya ɗauki abin a matsayin ƙaramin kuskuren bincike, ya yanke shawarar komawa ga mai hanci. A wannan karon ya rubuta kalmar "ciki" sau uku, ya ja mata layi, ya nemi lita 60 da bututun roba na masu famfo mai faɗin santimita 10 da tsawon 25, wanda bisa lissafi zai amsa amo a wajen haz 35. Ya auna tsawon but ɗin motarsa da faɗinsa da zurfinsa, ya tabbatar akwai wuri har da rara. Kafintan ya yi aiki mai kyau, ya shafe kowace gaɓa da gam, ya lulluɓe akwatin da baƙin kafet, aka kira yaran shago biyu suka ciccibo shi zuwa mota, inda a gaban jama'ar layin aka gano cewa cikin but daban, bakin but daban. An gwada shi a tsaye, an gwada a kwance, an gwada ta kusurwa, wani mai shayi ma ya bar tukunyarsa ya zo ya ba da shawarar a sace iskar tayoyi, ba tare da ya bayyana alaƙar taya da bakin but ba. Kafintan dai ya share gumi ya ce, "Malam, Allah ya gafarta, wannan Tilen naka bai ce a auna ƙofa ba?"

Da yake an riga an kashe kuɗi, sai aka shigar da akwatin ta ƙofar baya aka zaunar da shi a kujera, aka ɗaura masa bel kamar baƙo mai daraja. Uwargida, wadda ba a nemi ra'ayinta ba a matakin tsara bincike, ta lura cewa motar da ke ɗaukar mutum biyar yanzu uku take ɗauka, ta kuma nemi sanin wanne daga cikin yaran za a riƙa bari a gida. Ƙaramin cikinsu kuwa ya karɓi sabon ɗan'uwan nasa hannu bibbiyu, ya riƙa ciyar da shi ƙwallon dabino ta hanci, abin da ya ƙara wa kowace waƙa caki wanda mawaƙin bai sa ba.

Saura batun wuta. Amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa sifika, idan mai wat 600 ce to a kan batir mai bolt 12 takan ja amfiya 50 ko fiye idan an ƙure ta, alhali altanetar tsohuwar mota, wadda ita ce ke cajin batir, da ƙyar take ciyar da fitilu da fanka. Mai rewaya ya yi wannan gargaɗi, malamin ya amsa masa da murmushin wanda ya yi karatu. A daren gwaji fitilun gaba suka riƙa lumshewa daidai da bugun ganga, madubi ya daina nuna komai, lambar mota ta baya tana karkarwa, ta yadda mutanen da ke waje ba su ji bes ko kaɗan ba, sai ƙara irin ta tsakuwa a gwangwani. Washegari aka je gaishe da surukai, malamin ya kashe inji ya bar kiɗa yana tashi na minti 20 domin ƙannen uwargida su shaida, batir kuwa ya mutu a ƙofar gidan, har sai da surukin da kansa, da babbar rigarsa, ya sa hannu a turi, yana tambaya cikin ladabi ko akwatin nan na baya ba za a iya sauke shi a rage nauyi ba.

An sauke shi a ranar, kuma har yanzu yana zauren gidan surukan, inda tsohon yake zama a kansa da hantsi yana sauraron ƙaramar rediyonsa mai batir biyu. Bututun da aka auna wa haz 35 kuma, a cikinsa yake soke sandarsa.