Daren da Bos Ya Ƙi Mutuwa a Furfuri

A gidan kallon da nake zuwa a Furfuri akwai wata doka da ba a rubuta ta a allon bakin ƙofa ba, amma kowa ya san da ita: jarumi zai sha duka, zai yi jina-jina, a ƙarshe kuma bos ne zai mutu. A kan wannan alkawari mutum ke ciro kuɗin shigarsa ya miƙa wa yaron da ke tsaron ƙofa. To, wani dare da ƙungiyoyin Turai ke hutu, mai gida ya laluba na'urarsa ya ga hoton wani mutum riƙe da bindiga, sai ya rubuta da alli: "Yau kaboyi." Fim ɗin da ya sako mana shi ne No Country for Old Men na 2007, wanda 'yan'uwan nan biyu, Joel da Ethan Coen, suka shirya daga littafin Cormac McCarthy. Ya ci lambobin Oscar huɗu a 2008. Mai gida bai san da wannan ba, da ya sani ma ba zai ƙara ko naira ɗaya a ƙofa ba.

Labarin ba shi da tsawo. A Teksas, cikin 1980, wani mai walda, Moss, ya fita farauta ya tarar da masu safarar ƙwaya sun karkashe juna a daji, ga jaka ɗauke da dala miliyan biyu. Ya ɗauka. Wani makashi, Chigurh, mai aski kamar an kifa masa ƙwarya, ya bi sawunsa. Wani tsohon ɗan sanda kuma ya bi sawunsu su biyun, kullum a makare. Ni dai rabin idona na kan akwatin talabijin, rabi na kan bencina, kuma na bencin ya fi daɗin kallo.

Tafinta ne ya fara kama aiki. Kowane gidan kallo na da nasa, yaron da ya gama sakandare ko yake aji biyu a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wanda ya saba sauya wa mutane zancen masu sharhin ƙwallo. Sai dai Turancin Teksas ba na aji ba ne, mutanen ta hanci suke magana, baki a rufe, kamar masu mura. Fim ya buɗe da muryar tsohon ɗan sandan yana ta zuba, ana nuna tsaunuka da fili fetal. Aka taɓa tafinta: "Mi yac ce?" Ya gyara zama ya ce, "Cewa ya yi ku yi haƙuri, yanzu za a fara." Da aka zo wurin da Chigurh ya tsaya gidan mai, ya tsare tsohon mai shago da tambayoyi, ya cilla kwandala sama ya ce tsohon ya zaɓi fuska, tafinta bai ɗauki minti ɗaya ba ya warware mana: bashi ne. Tsohon ya ci bashin mai, an zo karɓa. Tsohon ya zaɓi daidai, Chigurh ya bar masa kwandalar ya fita, tafinta ya ce, "An yafe." Ran mutum ne aka ɗora a kan kwandala, mu kuwa muna ta sa wa mai bin bashi albarka. Ban ga laifin yaron ba. Fassarar Algaita ta lalata mu, mun saba da fim ɗin da ko ɗan sandan Indiya sai ya yi maka karin magana kafin ya mari mutum, to wa zai yarda ya biya kuɗi a ce masa "ban ji ba"?

Bayansa akwai mai POS. Da jin dala miliyan biyu ya ciro waya, ya buga a kan naira 1,500, ya ɗaga murya: "Biliyan uku!" Daga nan bai sake ganin fim ba. Ya gina gida a GRA ta Gusau, ya kai tsohuwa Makka, ya sayi tirela biyu, ya ƙara aure. Na kusa da shi ya ce ai ko babur ya kamata ya saya wa abokai, nan faɗa ya tashi a kan rowa, har sai da aka raba su. Duk lokacin da Moss ya zari 'yan takardu ya biya mai tasi ko ya kama ɗaki a masauki, sai ka ji mai POS ya yi tsaki, kamar daga aljihunsa aka cira.

Shi kuwa Malam, wanda koyaushe yakan ce leƙowa kawai ya yi neman ƙanensa, kuma koyaushe sai an tashi da shi, hukunci ya dame shi. Tsintuwa, in ji shi, sai an yi cigiyarta shekara guda, haka Risala ta kawo. Wani ya ce, "Allah gafarta Malam, cigiya wajen wa? Ga masu kuɗin nan kwance, ƙuda na bi." Malam ya ce suna da magada. Aka ce kuɗin ƙwaya ne. Malam ya yi shiru kaɗan, ya ce to wannan babi ne daban. Amma inda gida ya rabu biyu shi ne da Moss ya kasa barci cikin dare, ya tashi ya cika jarka da ruwa ya koma dajin domin wani mai rauni da ya roƙe shi ruwa da rana. Wannan komawar ce ta tona masa asiri. Malam ya ce shayar da mai ƙishi sadaka ce babba, ko kare ne. Sauran gida suka ce wauta ce. Malam ya ce ai sadaka maganin masifa ce. Aka nuna masa akwatin, inda Moss ke ninƙaya a kogi, kare na binsa a baya.

A wannan gaɓar ɗan sa-kai ya karɓi zance, kuma bai sake shi ba. Irinsa a gefe yake zama, hannu a harɗe, ba ya dariya, ba ya mamaki. Shi fim duk kurakurai ne. Don me Moss ya bar motarsa a kan tudu inda kowa zai hango ta? Don me bai zazzage jakar ba tun daren farko? "Ko buhun gero ka tsinta a daji, ai ka juye shi ka ga abin da ke ƙasa." Da daga baya aka ga ashe akwai na'urar bin sawu a ɓoye cikin kuɗin, ɗan sa-kai bai ce komai ba, ya dai juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kallon da ya fi magana ciwo. Game da Chigurh kuwa ba ya tantama: mutumin a dafe yake. Wani ya ce in a dafe yake, yaya harsashi ya huda masa ƙafa, har sai da ya tayar da gobara a mota don ya sami damar kwasar magani a kemis? Ɗan sa-kai ya ce maganin nasa na Turawa ne, shi ya sa yake yoyo. Na gaske da harsashin ya zama ruwa.

Makamin Chigurh ya jawo nasa rikicin. Tukunyar iska ce da tiyo, ya ɗora bakin a goshin mutum, tas, shi ke nan. Mai faci ya rantse irin tasa ce, kuma daga yau a riƙa biyansa da ladabi. Da aka gane abin da mahautan can ke bugun shanu da shi ne, wani mahauci da ke bencin baya ya miƙe tsaye: "Da wanga abu suke kashe sa? Ashe mushe suke ci!" An yi masa bayani cewa sumar da san ake yi sannan a yanka. Ya zauna, amma har aka tashi yana girgiza kai, mutanen da aka kashe a fim ɗin duk ba su dame shi kamar shanun ba.

Akwai mai jiran waƙa. Wannan a Indiya ya tashi, ya san inda ya kamata jarumi da matarsa su hau tsauni. Ga tsauni kuwa a fim ɗin, wani ma kamar dutsen Kwatarkwashi, ga fili irin namu na rani, ƙaya da farar ciyawa, amma ba wanda ya hau. Ba waƙa, ba ma kiɗan da ke gaya maka bos na tafe. Sai iska, sai takun ƙafa, sai ƙarar na'urar nan tana ɗit, ɗit. Sau biyu yana tashi ya bubbuga sifika. Maƙwabcinsa mai barci ya ji daɗin haka. Shi dama harbi ke tayar da shi, to bindigar Chigurh an toshe mata baki, sai ya yi ta sharar barcinsa ana zubar da gawa.

Na fi tausayin Baba, tsohon ɗan kaboyi. Shi ya ga zamanin silima, kafin a rufe su a Gusau saboda shari'ar da ta fara aiki a 2000. Ya ga Django, ya ga Clint Eastwood, har yanzu in ya tsaya sai ya saƙale babban yatsa a ɗamara. Kalmar "kaboyi" da ke allo ce ta fito da shi cikin sanyi. Ya zauna yana ta ƙorafi: kaboyi a mota? Kaboyi a masauki yana kwance ƙusa da kwandala? Da tsohon ɗan sandan, wato Tommy Lee Jones, ya hau doki shi da yaronsa suka nufi wurin gawarwakin, Baba ya daki cinya: "Yawwa! Yanzu aka fara." Ya ɗauka ga mai gyaran gari nan ya iso. Mutumin kuwa dubawa kawai yake yi, ya girgiza kai, ya koma ya buɗe jarida. Baba ya yi ta ba shi uzuri: dabara ce, jira yake.

Sai Na-riga-na-gani, wanda babu fim ɗin da bai kalla ba a Kano. Tun farko ya sanar da mu cewa a ƙarshe jarumi zai ɗaure bos a jikin mota ya banka mata wuta. Mun zage shi don ya ɓata mana, amma a zuci mun ji sanyi.

To, sai ga ɗan sandan ya iso wani masauki a El Paso, wata mota ta fice a guje, ga mutum kwance cikin jini. Moss ne. Ba a ko nuna mana faɗan ba, kuma ba Chigurh ne ya kashe shi ba, wasu 'yan Meziko ne. Gida ya yi tsit, sannan ya fashe. Aka ce a mayar baya. Aka mayar, Moss dai na nan kwance. Aka ce mai gida ya yanke fim don ya rage shan mai. Ya rantse da abin da zai kashe shi. Tafinta ya ce ƙanen jarumin ne, sun yi kama. Na-riga-na-gani ya ce suma ce, zai tashi a asibiti, yana faɗa yana matsawa kusa da ƙofa. Mai POS tambaya ɗaya ya yi: "Ina jakar?"

Chigurh ya je gidan matar Moss, yarinyar da ba ta ci ba ba ta sha ba, ta dawo daga binne uwarta. Ya fito da kwandalarsa, ta ƙi zaɓa. Aka nuno shi ya fito bakin ƙofa yana duba ƙasan takalminsa. Mai jiran waƙa ya ce ai ya ƙyale ta. Ɗan sa-kai, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Jini yake dubawa." Ba wanda ya ƙara magana, har sai da wata mota ta zo ta yi gaba da motar Chigurh a mahaɗar hanya. Ban taɓa jin kabbara irin wannan a gidan kallo ba, ko ranar da Najeriya ta ci ƙwallo. Mai barci ya farka yana tambayar wa ya ci. Malam ya ce alhaki kwikwiyo ne. Bai rufe baki ba mutumin ya fito daga motar, ƙashi ya ɓullo masa a hannu, ya ba wani yaro kuɗi ya karɓi rigarsa ya rataye hannun, ya kama hanya yana ɗingishi.

Ya rage Baba da ɗan sandansa. Sai ga shi ya ajiye aiki, yana zaune a teburin karin kumallo yana ba matarsa labarin mafarkin da ya yi da mahaifinsa. Yana cikin magana ya yi shiru, akwatin ya yi baƙi. Gaba ɗaya muka juya muka yi wa yaron janareto ca. Yaron ya nuna mana kunnensa: janareto na ta ruri. Sunaye suka fara hawa.

Aka tsare mai gida a kawo kashi na biyu, tunda ko na Kano ɗaya da biyu ne. Ya ce babu. Aka ce a mayar da kuɗi. Nan wani mutum da ke zaune dab da ƙofa ya yi magana. Ban lissafa shi a sama ba domin tun da aka fara bai ce uffan ba. Daga wani ƙauye yake can bayan Tsafe, shekara biyu ke nan yana zaune wajen dangi a Furfuri, gonarsa ba ta noman kowa. Shi ne wanda duk babur ɗin da ya wuce a waje sai ya karkata kai ya saurara har ƙarar ta ɓace.

"Ku ƙyale mai gidan ga," in ji shi. "Ba a yanke komi ba. Ni na gane shi, kuma ban jin Turanci."

Mai gida ya yi maza ya ce gobe Indiya ce, fassarar Hausa, bos uku kuma duk za su mutu, wanda ya biya yau ya shigo kyauta. Aka yarda. Baba ya riƙo hannun tafinta a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, mi tsohon nan ya gani a mafarki?" Yaron ya buɗe baki zai fara, ya dubi Baba, ya ce, "Wallahi Baba ban ji ba."

Muka fito uku-uku, huɗu-huɗu, kowa na neman wanda hanyarsu ta zo ɗaya. Ɗan sa-kai ya ce a kashe tocila.