Jinjina Ga Mai Koyar da Sana'a da Alli

Allah ya ja zamanin tsarin iliminmu, gagara gasa, uban tattali, mai yaye kafinta ba tare da an ɓata katako ko ɗaya ba! Da aka soma aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an yi alkawarin yaro zai bar ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. Hukuma kuwa ba ta yi ƙasa a gwiwa ba, ta sayo injuna daga ƙetare ta raba wa makarantu. Da yake mu masu riƙon amana ne, da yawa ba a ko buɗe akwatunansu ba, gudun ƙura. Wasu makarantun har an yi musu gatan rashin wutar lantarki, don kare yatsun ɗalibai.

Madalla da malamin da ke zana sifana a allo, ya ja mata kibiyoyi, yara su haddace sunanta da Turanci su ci jarrabawa. Sifanar alli ba ta tsatsa, ba a sace ta, ba ta taɓa kasafin kuɗi.

Da wannan guzuri mai albarka ɗalibi ke isa gareji, inda oga, sarkin aiki, rumbun sirri, mai tausayin na baya, zai tarbe shi hannu bibbiyu ya miƙa masa kwano ya sayo shinkafa da wake. Daga nan sai darasin shara, sai na kai yaran oga Islamiyya. Dubi hikima: duk lokacin da za a buɗe giyabos, daidai nan ƙishirwa ke kama oga, ya aiki yaro sayen ruwa, kada ilimi ya yi masa yawa lokaci guda. In ya dawo, wani ɗan ƙaramin da bai taɓa zama a aji ba, wanda yanzu shi ne babbansa, zai leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Kai ɗan boko, miƙo min sha biyu!" Mai kwalin WAEC ya duba agogo. Wace jami'a ce ke koyar da tawali'u da sauri haka?

'Yan unguwa ma sun cancanci tukuici, masu ƙarfafa gwiwa da tambayar, "Ayya, JAMB ɗin ce ba ta yi ba?" Wanda ya daure ya bi ta kwalejin kimiyya da fasaha har ya sami HND, an tanadar masa gurbi na musamman a bayan mai digiri. Majalisar tarayya ta nemi rushe wannan kyakkyawan gado a 2021, Allah ya kiyaye, ba a sa wa ƙudurin hannu ba.

Ranar yaye a gareji kuma a sallami yaro da addu'a mai tsawo, ba a ɗora masa nauyin jari ko akwatin kayan aiki ba, ya tafi sakayau ya karɓi adaidaita sahu haya. In manyanmu sun tashi shimfiɗa tayil a gidajensu na Abuja, sai a kira ƙwararru daga Togo da Jamhuriyar Benin, domin raya zumuncin maƙwabtaka.