Masu Gyaran Sabis Iri-Iri Ne

A gindin wani ƙarfen sabis daura da Ƙofar Kware, inda hanya ke miƙewa zuwa Gwadabawa da Illela, akwai ɗan ɗakin da wayar faiba ke shiga. Zaren gilashi ne mai kaurin gashin kai, haske ke gudu cikinsa ɗauke da kiran waya da kuɗin masu POS. Wata rana sai fitila ta kama a jikin na'ura, wadda ake kira ƙararrawar nesa. Saƙonta ɗaya ne. Na'urar da ke ɗaya ƙarshen wayar ce ke cewa, "Saƙonka bai iso mini ba." A nan halin kowa ke fitowa.

Na farko shi ne Malam Daga-Can-Ne. Da jin kalmar "nesa" sai ya kira abokin aikinsa na can yana faɗa: "Mi kuka taɓa kuma?" Alhali hasken da shi yake aikawa ne bai kai ba. Laifi tudu ne, ya taka nasa yana hango na Illela.

Na biyu Kashe-Kunna. Maganinsa guda, kamar mai tallan gargajiya a tasha. Layi ɗaya ke ciwo, sai ya kashe na'urar ɗungurungum, masu lafiyar ma su kwanta. Kafin ta farfaɗo, 'yan Tsohuwar Kasuwa sun gama ɗaga waya sama kamar masu neman wata.

Na uku Gani-Ya-Kori-Ji. Sai ya zare wayar ya kanga a ido, ya ce, "Oga, wallahi babu haske." Hasken faiba mai tsawon zango nanomita 1310 ko 1550 ido ba ya ganinsa, amma shi yana iya illata ido.

Na huɗu Sarkin Shiru. Ƙarar ce ke damunsa, ba cutar ba. Ya danna maɓalli, ɗaki ya yi tsit, ya rubuta "an gyara", ya tafi neman fura.

Na biyar Masanin Teku. Tun ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke daura da Kwaddibuwa, intanet ta tsinke a Afirka ta Yamma, ya samu amsar kowace tambaya. Ko ɓera ne ya ci waya a bayansa, zai gyara hula ya ce, "Ai daga teku ne."

Na ƙarshe Baba Sannu-Sannu. Ba ya ɗaga murya. Ya fara auna ƙarfin hasken da ke fita daga gefensa. Ya goge bakin wayar, don ƙurar hunturun Sakkwato kaɗai ta isa ta toshe hanya. Ya mayar da hasken na'urar kanta, ya ga ko tana jin muryarta. In duk lafiya, ya ɗauko ma'aunin da ke faɗin a kilomita ta nawa aka yanke, sannan ya kira na can: "Malam, ina wuni? Bi hanya, za ka iske katafilar da ta yanke wayar."

Shida ne suka shiga ɗakin, amma ɗaya ne ya fara duba gefensa, kuma shi ya dawo da sabis.